Shekarar da Kalangu Ya Shiga Cikin Fiyano

Abu biyu suka faru a shekarar 1999 waɗanda igiya ɗaya ta ɗaure su. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka binne. A cikin shekarar kuma kamfanin Sarauniya ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda waƙarsa ta riga shi shiga gari, har ta kai wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ma yana iya rera ta. Mu da muka taso a Dutse, a lokacin muna 'yan sakandare, mun ji labarin rasuwar a rediyo, mun ga dattawa sun yi jugum a majalisa kamar an yi musu mutuwa a gida. Waƙar kuwa a shagon mai kaset muka ji ta, cikin kwana biyu muka haddace. Tun daga wannan shekara kunnuwanmu suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su gama shiryawa ba.

Kafin a fahimci abin da ya same mu, sai an san irin garin da muka buɗe ido a ciki. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, aka ce Dutse ce hedikwata. Kafin nan gari ne na duwatsu da itatuwan dabino, fadar sarki tana can Garu a kan tudu, kowa ya san gidan kowa. Da aka ba da jiha sai ga ma'aikata daga Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, sai ga sababbin unguwanni, sai ga shagunan kaset da na hayar bidiyo. Amma duk da haka, a 'yan shekarun farko, sautin garin bai sake ba. In ka ji kiɗa daga nesa, ka san abin da ake yi ba sai ka tambaya ba. Kakaki da algaita na hawan sarki ne. Gangar noma ta gayya ce, can wajen ƙauyukan Kiyawa da Jahun. Ƙwarya ta mata ce a cikin gida ranar wuni. Kalangu kuwa, ko mahauta ne, ko dambe, ko biki ya kankama.

A rediyo da rakoda ma mutanen da muke ji ke nan. Shata da kalangunsa, Ɗanƙwairo da kotsonsa, Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa, Barmani Coge da ƙwaryarta, sai namu na gida, Haruna Uji na Haɗeja, wanda in ya kama gurmi direban mota sai ya rage gudu don kada waƙar ta ƙare kafin a isa Shuwarin. Kowanne a cikinsu da abin kiɗansa ake gane shi. Kafin ya buɗe baki, bugu biyu sun ishe ka ka faɗi sunansa.

A unguwarmu akwai gidan makaɗan kalangu. Ba za mu kama suna ba, don suna nan da ransu, kuma ba su ce a kai su kasuwa ba. Maigidan, wanda duk muke kira Baba, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. A zaurensa muka fara ganin yadda ake ɗinka fata a bakin kalangu, yadda ake jan tsarkiya ɗaya bayan ɗaya, yadda ake shanya shi a hantsi in damina ta sa fatar ta saki. A wurinsa muka gane cewa kalangu magana yake yi, ba da wasa ba. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa in makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, in ya saki ya sauka, sai ganga ta bi karin maganar mutum. Baba yana iya hango mutum ya ɓullo daga kan kwana, ya kira shi da takensa ba tare da ya motsa leɓe ba, mutumin ya tsaya cak, ya juyo yana dariya yana laluben aljihu.

Wannan kiɗa shi ne abincin gidan. In ana biki, mutum bakwai ko takwas ne za su fita: masu kalangu, mai kuntuku, 'yan amshi, da sanƙira mai shelar kyauta. A yi musu kari, a yi musu liƙi, wani ya cire riga ya bayar. In kaka ta yi, manoman da suka yi wa kiɗan gayya su aiko da dami. Ba arziki ba ne na a zo a gani, amma tukunya ba ta kwana a kife. Sai dai akwai abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: duk son da ake yi wa kiɗansu, in ɗan gidan ya je neman aure wani gida, sai an tuna masa cewa shi ɗan maroƙa ne. Al'ummarmu ta daɗe tana rawa da kiɗan mutumin da take ƙyashin haɗa zuri'a da shi.

Ana cikin haka fiyano ya iso. A Kano, tun bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya finafinan Hausa suke neman kiɗan da zai dace da labaran soyayya irin waɗanda suka taso suna gani a finafinan Indiya. Makaɗin gargajiya ya saba da yabon mutum guda a gabansa, bai saba da waƙar saurayi da budurwa suna musayar baiti a lambu ba. Sai matasa suka koma ga fiyanon Casio da Yamaha. Wajen tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama ya zama matattarar masu wannan sabon kiɗa. Abin da Sangaya ta ƙara, ta hannun makaɗinta Alee Baba Yakasai, shi ne ta zaɓo daga cikin na'urar sautukan da suka yi kama da sarewa da gangar gida, ta jera su a kan kari mai sauƙin rawa. Kunnen Bahaushe ya ji abin ba baƙo ba ne, amma kuma sabo ne fil. Daga nan ƙofa ta buɗe, waƙoƙin nanaye suka yi ta kwarara daga Ƙofar Wambai zuwa kowace kasuwar ƙauye.

Lissafin mai biki ba shi da wuya. Mutum takwas za ka ciyar, ka sallama, ka kuma jure wa sanƙira yana tona wanda ya bayar da wanda ya noƙe. Ko kuwa ka ɗauko yaro ɗaya da lasifika biyu da janareto, ka biya shi kuɗin da kuka yi ciniki, shi ke nan. Amarya da ƙawayenta ma waƙar fim suke so. Cikin 'yan shekaru aka fara wuce gidan Baba ana zuwa wajen mai lasifika. Da wayar hannu ta zo a 2001, daga baya kuma memori ya maye gurbin kaset, sai abin ya ƙara sauri. Muna ji muna gani kalangai suka koma rataye a bangon zaure, sai a yi wata ba a sauke su ba. Biyu daga cikin 'yan amshinsa suka koma acaɓa, ɗaya ya tafi cin rani bai dawo ba.

Babban ɗansa sa'anmu ne, tare muka yi firamare. Hannunsa ya faɗa da kalangu tun yana ɗan shekara goma, har mutane suna cewa zai fi uban. Shi ne wata rana ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya ce yana so ya tafi Kano ya koyi fiyano. Muna ƙofar zaure, muna ji.

"Baba, ba barin kiɗa zan yi ba. Inda kiɗan ya koma zan bi shi."

Baba ya daɗe bai ce komai ba, yana ta murza wata tsarkiya a cinya. Can ya ce, "Kai yaro, wannan akwatin da kake faɗa, ya san sunan kakan wani?"

"Bai sani ba, Baba."

"To, in ka je ka sanar da shi. Allah ya kiyaye hanya."

Bai hana shi ba, bai kuma yi masa baki ba. Amma shekaru da dama bayan nan, in yaron ya zo gida da sallah ya kunna masa abin da ya haɗa, sai Baba ya ce madalla, ya tashi ya tafi alwala ko da lokacin salla bai yi ba.

Sai a 2016 muka sami labarin da ya ba mu wani madubi na duba wannan al'amari. A shekarar aka ba wani mawaƙin Amurka, Bob Dylan, kyautar Nobel ta adabi, gidajen rediyo suka yi ta maganar yadda aka yi mawaƙi ya karɓi kyautar marubuta. Ɗaya daga cikinmu da ke koyarwa ya bi diddigin mutumin, ya zo majalisa da labarinsa. Dylan ya fara ne a matsayin mawaƙin gargajiyar ƙasarsu: shi kaɗai, da jitarsa ta katako marar lantarki, da ɗan abin busa a rataye a wuya, yana waƙar talakawa da 'yancin baƙar fata da ƙin yaƙi. Masoyansa suka ɗauke shi tamkar amanar da aka ba su ajiya. A watan Maris na 1965, yana da shekara 23, ya fitar da faifan Bringing It All Back Home. Fuska ɗaya ta faifan ya yi ta da jitar lantarki da ganguna da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, irin kiɗan da suke kira rok. Ɗaya fuskar kuma ya bar ta kusan yadda aka san shi. A watan Yuli ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jitar lantarki, wasu suka yi masa ihu. A watan Mayun 1966, a birnin Manchesta na Ingila, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi da sunan Yahuza, wato maci amana. Yau wannan faifai yana cikin waɗanda ake ƙirgawa in ana lissafin manyan ayyukan ƙarnin da ya wuce.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda aka gina faifan. Mutum ɗaya ne, murya ɗaya, ya tsaya ƙafa ɗaya a tsohon gida ɗaya a sabo, ya ce wa masu sauraro su juya faifan su ji duka biyun. Wanda ya yi fushi ya san da wa yake fushi. Wanda ya bi shi kuma bai bar komai a baya ba, domin Dylan ya ƙetare da duk kayansa: zurfin kalma, habaici, dogon baiti, da sanin tsofaffin waƙoƙin da ya tashi a cikinsu. Sai muka tambayi kanmu, mu ina namu faifan? Wane babban mawaƙin gargajiya ne a ƙasar Hausa ya ɗauki 'yan amshinsa da kalangansa ya shiga situdiyo, ya zauna da mai fiyano ko mai jita, suka yi aikin da za a ce daga nan ne zamani ya juya?

Mun daɗe muna lissafi a majalisa ba mu kama suna ɗaya da kowa ya yarda da shi ba. Shata da kalangu ya rayu, da shi ya koma ga Allah. Barmani ta rasu a 2013 tana kan ƙwaryarta. Ɗan Maraya ya rasu a 2015 yana riƙe da kuntigi. A ɗaya gefen kuma akwai irin su Bala Miller na Zariya, wanda ya yi waƙoƙin Hausa da jita da ƙahonin Turawa tun kafin zuwan fiyano, amma shi daga makarantar kiɗan zamani ya fito, masu sauraronsa kuma galibi 'yan boko ne na birane da masu kallon talabijin. Haka ma matasan da suka kafa kiɗan fim: yawancinsu ba 'ya'yan makaɗa ba ne. Sauyin da aka yi a wurinmu ya zo ne kamar canjin ma'aikata. Tsofaffi suka tsaya a tsallake ɗaya har suka ƙare, sababbi suka fara daga ɗaya tsallaken, kogi yana tsakani.

Dalilin haka yana cikin abin da muka ambata tun farko, wato matsayin makaɗi. Saurayin da ya yi makaranta ya zauna a gaban fiyano ba ya son a haɗa shi da roƙo. Shi mawaƙi ne, mai fasaha, yana da situdiyo da lambar waya. Kusantar mai kalangu a wurinsa kamar komawa baya ne. Shi kuma tsohon makaɗi yana ganin wanda bai yi goyon ganga ba, bai yi shekaru yana amshi a bayan ubangida ba, bai isa a kira shi makaɗi ba. Kowa ya raina kowa, sai ilimin da ya kamata ya ƙetare ya maƙale. Taken gidaje, kirarin sana'o'i, salon saƙa zambo a cikin yabo yadda sai mai hankali zai gane, duk waɗannan a ƙwaƙwalwar mutane suke, ba a rubuce ba. Duk tsohon da aka kai makwanci, da nasa kason ake rufe shi.

Ba daidai ba ne kuma a ce fiyano ɓarna kawai ya kawo. Ya buɗe ƙofar da gado ya rufe shekaru aru-aru. Ɗan malami, ɗan ɗan kasuwa, ɗan ma'aikaci, kowa ya sami damar rera abin da ke ransa ba tare da an ce ya zubar da mutuncin gidansu ba. Mata sun sami murya a wajen tsakar gida. Marubutan waƙa, waɗanda da can sai dai su karanta a taro ko a rediyo ba kiɗa, suka sami abin ɗora baitocinsu. Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, misali ne da kowa ya sani. Dubban matasa sun ci abinci, daga mai haɗa kiɗa zuwa mai tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Mu kanmu da waɗannan waƙoƙin muka yi zance, da su aka kai mana amare. Wanda ya ce mu zubar da su, ya ce mu zubar da ƙuruciyarmu.

Amma akwai abin da ya tafi, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Kiɗan Baba yana kallon mutane. In tsohuwa ta shigo fili sai ya sassauta, in samari suka yi zafi sai ya ƙara wuta, in baƙo ya iso sai a sako sunansa nan take. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa a tsaye, a gaban jama'a, daga abin da idonsa ya gani a wurin. Waƙar da ke cikin memori kuwa, yadda aka buga ta a bikin Takur haka za a buga ta a bikin Gwaram, ba ta san amarya ba, ba ta san dangin ango ba. Ko da an biya mawaƙi ya yi wa ma'aurata tasu ta musamman, sau da yawa kiɗa ɗaya ne ake cire suna a sa wani. Sannan ga na'urar gyaran murya, wadda ta sa muryoyi suka koma kamar 'yan gida ɗaya. Da can bugu biyu sun isa ka gane mai waƙa. Yanzu sai ka jira ya faɗi sunansa a ƙarshe.

Abin mamaki, wanda ya fi kusa da yin irin tafiyar Dylan a wannan yanki namu ba Bahaushe ba ne, Buzu ne daga jihar Tawa ta Nijar: Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a irin situdiyon da ake yin waƙoƙin finafinanmu, da kiɗan na'ura da muryar da aka gyara, sai dai da harshen Buzaye. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds. Daga nan ya kafa ƙungiya, ya rungumi jitar lantarki da hannunsa na hagu, ya fitar da Ilana a 2019 da Afrique Victime a 2021, faya-fayan rok sosai, masu ƙara kamar hadarin gabas. Duk da haka karin kiɗan bikin Buzaye yana nan a ƙarƙashi, tafi da amshi suna nan. A 2025 kuma ya sake naɗar waƙoƙin faifansa na 2024 da jitar katako. Yana shiga yana fita tsakanin gidajen biyu, don duka nasa ne. In an kunna shi a majalisarmu, ko kalma ɗaya ba ma ji, amma ba wanda ke cewa a kashe. Kuma mukan tuna cewa ta situdiyon ƙasar Hausa ya bi ya wuce.

Masu cewa duk abin da ya zo daga waje gurɓata al'ada ne, tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, aka fara busa kakaki. Kafin nan baƙo ne. Algaita da goge suna da dangi a arewacin Afirka, ta hanyar fatake suka iso. Kuntigin Ɗan Maraya ma da gwangwanin kifi ake yin sa, abin da Bature ya kawo. In ana neman abin kiɗan da ba wanda zai ce aro ne, sai a tafi Birnin Kudu, nan kusa da mu, inda akwai duwatsu masu zanen shanu na mutanen da, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amsawa kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Daga dutse zuwa fata, daga fata zuwa gwangwani, daga gwangwani zuwa lantarki, kowanne ya taɓa zama sabon abu da wani tsoho ya harara. Abin da ya sa na baya suka zama namu shi ne hannun da ya karɓe su ya san abin da zai faɗa da su.

A 'yan shekarun nan an fara waiwaye. Naziru M. Ahmad, wanda aka naɗa Sarkin Waƙar Sarkin Kano a 2018, ya dawo da salon waƙar fada da kirari a kan kiɗan situdiyo. Ado Gwanja ya ɗauko karin waƙoƙin mata na tsakar gida ya kai su dandalin zamani. Kiɗan asharalle na Katsina ya sake samun kasuwa a bukukuwa. Ko a Dutse, wasu iyayen amare sun fara cewa a kawo masu kalangu ranar kamu, ko da na awa ɗaya ne. Abin farin ciki ne. Sai dai sau da yawa sautin kalangun da muke ji a sababbin waƙoƙi, bugu ɗaya ne aka naɗa aka ajiye a kwamfuta, ana maimaita shi. Yana da kamannin kalangu, amma ba ya kiran kowa.

Ɗan Baba ya dawo Dutse da zama bayan shekaru a Kano, ya buɗe ɗan situdiyo a shago ɗaya, yana yi wa 'yan siyasa da masu biki waƙa. Da ƙyar, da sa bakin ƙanwar Baba, wadda ba ya iya yi wa musu, ya shawo kan tsohon ya zo a naɗi kiɗansa. Mu huɗu muka raka shi, ɗaya yana riƙe da kalangun a cikin buhu. Aka sa masa abin ji a kunne, aka kunna masa ɗan ƙwanƙwason nan da na'ura ke yi don daidaita gudun kiɗa. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai ya cire abin daga kunnensa.

"Wannan abin naka ba ya numfashi. Ni kuwa in ban ja numfashi ba, ganga ba ta magana."

"Baba, da shi ake auna komai. In ba shi, sauran kayan ba za su hau ba."

"To, su biyo ni mana. Ni na riga su zuwa."

Yaron ya yi shiru, sannan ya miƙa hannu ya kashe ƙwanƙwason. Baba ya yi kusan minti ashirin yana kiɗa ba tsayawa: taken mahauta, taken manoma, taken gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, har da na mutanen da suka daɗe da rasuwa. Da ya zo kan na kakan ɗaya daga cikinmu, mutumin ya juya fuska bango. Bayan nan sai da ɗan ya yi mako uku yana bin kiɗan uban da fiyano da jita, gaɓa-gaɓa, yana sassautawa inda tsohon ya sassauta, yana sauri inda ya yi sauri. Ya ce bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, kuma ba wanda zai biya shi ko sisi.

Abin da ya fito ba faifai ba ne, waƙa uku ce kawai, kuma ba ta wuce wayoyinmu da na 'yan unguwa ba. Ba za mu ce ta kai a gwada ta da ayyukan manya ba. Amma da aka kunna wa Baba, bai tashi alwala ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a mayar da ta biyun, sannan ya nuna wuri ɗaya ya ce a nan jitar ta shiga gaban ganga, a gyara.

Irin wannan aiki ne muke ganin ya rage a yi, kuma da gaggawa. A Jigawa kaɗai, daga Dutse zuwa Ringim, daga Jahun zuwa Haɗeja, akwai tsofaffin masu kalangu da gurmi da kukuma da garaya waɗanda ba a taɓa naɗar kiɗansu da na'ura mai kyau ba. Akwai kuma matasa masu situdiyo a kusan kowane gari, akwai gidajen rediyo, akwai jami'a a Dutse tun 2011. Kayan aiki ba su ne matsala ba. Abin da ake buƙata shi ne saurayin da zai cire girman kai ya durƙusa a zaure, da tsohon da zai yarda ya hau acaɓa zuwa shago, da mu masu sauraro mu yarda mu biya kuɗin abin da aka yi da wahala maimakon jiran a turo mana kyauta. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mun sauya rawar tun 1999. Baba yanzu ya haura saba'in, hannunsa na dama ya fara rawa in ya riƙe gula. Ɗansa ya ce akwai sauran take goma sha ɗaya da ba su naɗa ba, suna jiran sanyi ya wuce.